Tsakanin Bari da Riƙo

Ruwa na ɗaukewa a Zariya, wajen tsakiyar Oktoba, wata tsohuwar gardama kan farka a gidajen cikin ganuwa. Daga Kwarbai har Kaura, daga Unguwar Juma har Limancin Kona, da wuya a sami babban gidan da ba a taɓa yin ta ba. Damina ta wuce ta bar sawunta: katangar baya ta zaizaye daga gindi, rufin zaure ya yi ciki, indararo ya karye, ɗakin tsohuwa sai warin danshi. Sai a kira 'yan gida. Na Kaduna ya zo da kansa, na Abuja ya bugo waya, gwaggo ta aiko da saƙo daga gidan aurenta. Kalmomin da ake jifan juna da su ba su da yawa. Wani ya ce a gyara. Wani ya ce a bar shi yadda aka gaje shi. Mai nauyin aljihu kuwa yakan yi shiru har kowa ya gama, sa'an nan ya muskuta ya ce, "Yaya, Allah ya huci zuciyarka, ni dai a ganina a sauke shi kowa ya huta."

Ana iya kwana a tashi a kan wannan magana ba a tsai da komai ba, don kuwa kalma ɗaya ake furtawa, amma kowa da abin da yake nufi da ita.

Ɗauki gyara. A bakin maginin ƙasa, gyara ba ya jiran ɓarna. Lokaci ne da ke zagayowa duk shekara, tsakanin girbi da faɗuwar ruwan farko, ko bango ya yi ƙorafi ko bai yi ba. A haƙo jar ƙasa a kududdufi, a jiƙa, a zuba mata ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki ta tsimu, a sake tattakewa. Inda bango ya ci a cike, inda ya rame a yi masa yaɓe. A hau soro a duba tsaga, a share bakin indararo, a ɗaga rawanin da ruwa ya lashe. Ginin tubali, wato curin ƙasar nan mai faɗin gindi da tsinin kai da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, tun ranar da aka aza shi an san za a riƙa komawa kansa. Shi ya sa ba a ganin tsufan gidan da ke hannun masu kula. Abin da ido ke gani a jikinsa na bana ne ko na bara, ko da kuwa cikinsa ya ga zamanin Sarki Kwasau. Gidan ƙasa kiwonsa ake yi kamar doki: ranar da aka daina kai masa harawa, ranar ya fara mutuwa, ko da yana nan tsaye a turke.

Kuma ba da ƙafarsa kaɗai yake tsaye ba, a jingine yake da sauran sana'o'in gari. Azarar rufi daga giginya take, itacen da gara ke shakka. Azara guda ba ta ɗaukar nauyin ƙasa fiye da tazarar ƙafa shida ko makamancin haka, don haka duk ɗakin da ya fi wannan faɗi sai da dabarar magini: ko a jera azara a kusurwoyi ana rage fili a hankali, ko a tayar da baka daga bango zuwa bango. Daga nan aka sami bakan gizo da ɗaurin guga da tulluwar da ke sa baƙo ya ɗaga kai yana salati. Maganin ruwa kuma makuba ce, daga ɓawon ɗorawa, sai katsi, dagwalon da ake kwasowa daga gindin ramin rini a ƙona. In an haɗa katsi da gashin da majema suka kankare daga fata da ruwan dafara, an sami laso, abin da ake shafe rufin masu hali da shi. Duba mutanen da ke bayan rufi guda: marini, majemi, mai saran giginya, matan da ke ɓare ɗorawa don kalwa, mai jakin da ke jigilar ƙasa. Da atamfar kanti da rinin bature suka rufe marinai, ba sutura kaɗai ta canza ba, soro ma ya ji a jikinsa. Kududdufan da aka haƙi ƙasar unguwa a cikinsu, waɗanda su ne kuma ke shanye ruwan unguwar in an yi mamako, da yawa an cike su da shara an yanka filaye. Wanda ya ce yau zai yi gyara irin na kakansa, sai ya sayi ƙasa a tifa daga bayan gari, ya nemi azara da tsada, ya shiga cigiyar maginin da 'ya'yansa suka koma birkiloli ko 'yan acaɓa.

A bakin ɗan zamani kuwa gyara ya zama wani abu dabam. In ka ji an ce Alhaji wane ya gyara gidansu na cikin gari, kada ka je da tsammanin ganin sabon yaɓe. Bulo za ka tarar, da kwano mai launi, da tayil har bango, da get na ƙarfe a inda zaure yake. Ba abin da ya rage na tsohon gidan sai fili da suna. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a harkar gidaje ya zama, har ya zarce zuwa sauke mu zubar. Ban ga laifin mutumin da ya rushe abinsa ya sake gini ba. Kalmar da ya laɓe a bayanta ce ke damuna. Da ya fito fili ya ce rusawa zai yi, da tsofaffin gida sun nemi a tsaya a yi shawara ɗaki-ɗaki. Da yake gyara ya ce, sai aka sa masa albarka, aka wayi gari tifa na kwashe ɗakin da aka binne cibiyar rabin zuriya a bayansa.

Duk da haka, na fi jin tsoron mai cewa a bar shi. Ita ce kalmar da ta fi daɗin ji, ita ce ta masu kishin gida, kuma a ganina ita ta fi kashe gidaje a cikin birni. Bari fuska biyu gare shi. Akwai barin kada a taɓa, akwai barin a juya baya a tafi, kuma a wurin ginin ƙasa duka biyun gida ɗaya suke sauka. Wanda ya rantse ba za a taɓa ɗakin Malam ba muddin yana numfashi, sa'an nan ya danna kwaɗo ya koma Samaru ko Kaduna, ai ya riga ya yanke wa ɗakin hukunci, zartarwar ce ya bar wa damina. Shekarar farko indararo ya toshe da ganye, ruwa ya kwanta a kan rufi. Ta biyu danshi ya kai ga azara. Ta uku ko ta huɗu a ji rugugi cikin dare a watan Agusta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ba a ce gidan zai zauna jiransa ba.

Ganuwar birnin kanta shaida ce. Ba wanda ya taɓa yanke shawarar a rushe ta. Muddin ana tsoron mahara, sarki kan sa a fito aikinta, kowace unguwa da sashenta. Da Turawa suka shigo a 1902 yaƙi ya ƙare, sai aka bar ta, a duka ma'anonin biyu. Ruwa ya ci nasa, masu neman ƙasar gini suka ci nasu, masu neman fili suka ƙarasa. Sunayen dai suna nan daram a bakin kowane ɗan acaɓa, Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Kibo, amma a wurare da yawa sai an nuna maka tudun kafin ka yarda nan ne ta bi.

Abin da ke biyo bayan bari shi ne kango, kuma abin lura ne yadda wannan kalma ta yalwata a zamaninmu. Da, kango gida ne da mutanensa suka ƙare ko suka watse, rufi ya tafi, bangaye suka rage. Yanzu ginin bulon da aka kai linta kuɗi suka yanke, shi ma kango ne. A cikin Zariya sau da yawa za ka ga biyun a gida ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. A dama soron da aka bari don girmamawa har ya zube, a hagu ɗakunan da aka rushe na da dominsu, shekara goma ba rufi, ciyawa da awaki sun gaje su. Mai kishi da ɗan zamani sun sha jayayya, ga shi suna ɗaya aka raɗa wa aikinsu.

Kalmar da ba a cika ambata ba, wadda kuwa ita ta dace da gini irin wannan, ita ce riƙo. Mukan ce wane ne ke riƙe da gidan, yadda muke cewa riƙon maraya da riƙon amana da riƙon sarauta. Riƙo yana da mai yi. Yana da nauyi, yana cin kuɗi da lokaci, in abu ya lalace kuma akwai wanda za a kalla. Bari ba ya cin ko sisi, shi ya sa magoya bayansa suka fi yawa.

Akwai kuma masu neman tsakiya, masu cewa a bar ƙasar a ciki a lulluɓe ta da siminti. Ga ido sulhu ne mai kyau, tsoho ya ga bangonsa na nan, yaro ya ga fenti. Sai dai ƙasa da siminti ba sa jituwa. Bangon ƙasa yana shan danshi ta gindi, yana fitar da shi ta jiki in rana ta fito. Fulasta ta toshe masa wannan hanya. Ita ma ba ta manne masa da gaske ba, ko da an kafa ƙusoshi da waya don ta kama. Zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, sai ta yi 'yar tsaga, ruwa ya shige ta baya ya rasa mafita. Daga waje bango sumul, daga ciki yana ruɓewa. In ka ƙwanƙwasa ka ji ƙarar rami, to aikin gama ya gama. Yaɓe kan nuna ciwonsa a fili tun yana ƙarami, fulasta kuwa ɓoyewa take yi har ranar da za ta ɓalle da rabin bangon. Haka nan rufin kwanon da aka ɗora ba isasshen baki, ko na maƙwabci da ke tsiyayar da ruwansa a gindin katangarka, ko titin da aka ɗaga aka sa kwalbati har gidan da ake hawa a shiga ya koma na gangarawa. Da yawa daga gidajen ƙasar da ke faɗuwa yau, sabon abin da aka yi a jikinsu ko a gefensu ne ke kayar da su kafin tsufa ya iso.

Mafi girman sulhu tsakanin tsoho da sabo a gaban fada aka yi shi. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, mai mulki daga 1834 zuwa 1846, shi ne ƙololuwar abin da hannun Bahaushe ya yi da ƙasa da azara. Har yau akwai unguwa a birnin da ke amsa sunan Babban Gwani, har labarin kunne ya girmi kaka ya bi shi, wai wani sarki ne ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani irin abin da ya gina masa. Masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya auna masallacin ciki da bai, aka kuma gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. A shekarun 1970, da jama'a ta yi yawa kuɗin mai kuma ya shigo, sai aka tayar da ginin zamani aka kewaye tsohon, bakunan Babban Gwani suka zauna a ciki. Haka aka yi ta salla kusan shekara hamsin. Ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama. Mai martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsaga a bangon tun ranar Alhamis, ana shirin kawo injiniyoyi ke nan abin ya auku. Wannan bayani ya daɗe yana yi mini yawo a ka. Ginin da ya fi kowane gata a ƙasar Zazzau, wanda dubban idanu ke kallo sau biyar a rana, tsakanin ganin tsagarsa da faɗuwarsa kwana ɗaya ne tak. To ina ga ɗakin da ke ƙarshen lungu, wanda mai makullinsa ke leƙowa daga salla sai salla?

Saboda haka masu cewa a sauke suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su da kunnen adalci, balle ma da yake galibin masu yabon gidan ƙasa a takarda ba a cikinsa suke kwana ba. Gaskiya ne soro ya fi kwano sanyi a watan Afrilu, don kaurin bango na tare zafin rana ya hana shi ratsowa sai can cikin dare, gaskiya ne kuma ya fi ɗumi in hunturu ya sauko. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai ɗakin nan yawanci mace ce. Ita ke jera kwanuka a ƙarƙashin ɗigo, ita ke kakkaɓe ƙasar da ke zubowa a kan gado, ita ke kashe kunama a bayan randa, ita ke shaƙar hayaƙi a madafar da ba ta da taga. In ta ce tana son silin da daɓen siminti da famfo a tsakar gida, hutu take nema, ba ta da gaba da tarihi. Akwai abubuwan da ni ba zan zubar musu da hawaye ba: salgar da ke taku kaɗan daga rijiyar sha, madafa mai baƙin rufi, ɗakin da rana ba ta taɓa leƙawa ba. Waɗannan a canza su yau, ba sai gobe ba.

Sa'an nan ga aure, wanda ina jin ya kayar da soraye fiye da damina. Dangin amarya kan zo ganin ɗaki da tef a hannu. Gadon zamani da madubinsa da durowarsa da kujeru saiti guda ba za su shiga ɗakin da aka auna faɗinsa da tsawon azara ba, ko ƙofar ma ba za su wuce ba. Ɗakin da aka yi don gadon ƙarfe mai rumfa da jeren tasa da kwalla ya zama abin kunya, sai ka ji gwaggon amarya ta riƙe haɓa tana cewa, "Haba Malam, a nan za ku ajiye mana yarinya? Gidan ƙasa?" A yadda ake furta shi yanzu, gidan ƙasa ya tashi daga bayanin kayan gini ya koma shaidar rashi. A da kuwa soro shi ne alamar samu. Talaka a ɗakin jinka yake, mai hali ne ke sayen azara ya ɗauki magini.

Masu kishi ba sa son jin wannan, amma abin da suke kira na asali shi ma wata rana sabo ne, har an yi gunaguni a kansa. Ɗaki mai kusurwa huɗu ya ture zagayayyen ɗaki. Kwano ya biyo jirgin ƙasa, wanda ya iso Zariya wajen 1911. Zanen fuskar gidaje da garin ya yi suna da shi, wanda masanin gine-gine Friedrich Schwerdtfeger ya yi shekaru yana bibiya har ya fitar da littafi a kansa a 2007, ba dagi da takobi kaɗai ke cikinsa ba. Akwai keke, akwai mota, akwai jirgin sama. Attajirin da ya sa aka zana masa keke a saman ƙofa shela yake yi wa unguwa cewa shi ɗan zamani ne. Jikansa da ke manna tayil mai sheƙi a daidai wurin bai saɓa masa a niyya ba, a gwaninta dai aka sami tazara. Kuma ban taɓa jin tsohuwa ta ce "ɗakina na gargajiya" ba. Ɗakina take cewa. Sai abu ya fita hannun masu amfani da shi ake liƙa masa wannan suna, daga nan kuma sai gidan tarihi.

To in tsufa ba hujja ba ne, sabunta ma haka, da me za a auna? Ni da aikin da abu ke yi wa mutanen gida nake aunawa. Zanko, alal misali, shi ya fi kowane sashe na tsohon gida sa'a a yau. Ana zuba shi da siminti a kan ƙofofin gari da otal-otal da gine-ginen hukuma, duk inda ake so a ce nan Arewa ce. Ba ya cutar da kowa, ba ya kuma ceton komai.

Zaure kuwa, a kansa nake da taurin kai. Gini ne da ke amsa tambayar da kowane gida ke fuskanta kullum: yaya za a karɓi mutum ba a tozarta shi ba, ba a kuma buɗe masa cikin gida ba? Baƙo ya yi sallama, ya sami inuwa da tabarma da ruwa, ya zauna da mutuncinsa. Ƙofar shiga da ta fita ba sa kallon juna, don kada idon mai wucewa ya zarce tsakar gida. In gidan babba ne, bayan zaure akwai fili, sa'an nan shigifa, inda sai na jiki ke kaiwa, kowane mataki yana gaya wa mutum matsayinsa ba tare da an buɗe baki ba. A nan ake ciyayya da magariba, kowane magidanci ya fito da akushinsa, wanda bai ɗora tukunya ba ranar ya ci ba wanda ya sani. A nan ake raɗa suna da safe, a nan ake zaman makoki, a nan ake sasanta ma'aurata, a nan matafiyin da dare ya yi wa ke shimfiɗa buzunsa. A Zariya har da ƙari, don gari ne na alƙalami da allura. Zaurukan Kona da Juma sun yaye malaman da suka bazu ƙasar Hausa, har yau kuma karatun zaure ake ce wa wannan ilimi ko a ina aka yi shi. A bakin zaure ne maɗinki ke duƙufa a kan aska takwas wata da watanni, yara na tsugune suna koyon riƙon zare.

Get abu biyu ya sani, buɗe da rufe. Wanda ya zo, ko dai a bar shi a rana yana bugun ƙarfe yana kiran waya, ko a shigo da shi falo tsakiyar iyali, matan gida su tattara su shige ɗaki. Almajiri da mai talla da tsohon aminin mahaifinka da ya zo gaisuwa duk sun zama matsala guda. Abin dariya, kalmar sai ƙara haɓaka take yi daidai lokacin da ɗakin ke ƙarewa: zauren majalisa, zauren taro, zauren sulhu, har zauren WhatsApp, inda 'yan gida ɗaya ke tattauna yadda za a mai da zauren kakansu gareji.

Don haka in bangon zaure ya gaji, azara ta ruɓe, a sauke shi a sake tayarwa, da bulo ma in ta kama, amma a mazauninsa, da karkatacciyar ƙofarsa, da dakalinsa a waje. Zauren bulon da ake zama a ciki ya fi mini na tulluwa da aka garƙame. Haka nake gani game da bishiyar tsakar gida, durumi ne ko mangwaro, da ake sarewa don a shimfiɗa intalok. Ita ce zauren mata, a ƙarƙashinta ake daka da kitso da tsintar shinkafa, kuma bangon da aka rushe ana iya mayar da shi cikin rani ɗaya, inuwa kuwa sai an shekara ashirin. Rijiya ma, in ba ta kusa da salga, a yi mata murfi a riƙe ta. Wanda ya zauna a Zariya ya san ba a jingina da famfo. Akwai kuma ƙananan abubuwan da zuciya ce kawai ke son su, tsohon ƙyaure mai ƙusoshin maƙera, alkukin da hayaƙin fitilar Malam ya baƙanta, turmin da ya ga aure bakwai. Riƙonsu ba ya da tsada, ba sai an nemi hujja ba.

Ba mu kaɗai ke wannan lissafi ba. A Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, tsohon masallacin ƙasa ya tsufa ya fara lalacewa. Masu zanen gini biyu, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili, suka tsara sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa da aka matse da inji, tsohon kuma aka gyara shi aka mai da shi ɗakin karatu, har da maginan da suka yi aikin farko aka gayyato. An gama a 2018. Aiki aka ba ginin, aka samar masa mutanen da za su shiga kullum su ga tsaga tun tana siririya. A Jenne ta ƙasar Mali kuma, babban masallacin da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye ne don duk shekara mutanen gari kan fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu su yi masa yaɓe.

Wannan fitowar ita muka rasa, kuma a nan ne maganar ke barin hannun magini ta koma hannun masu rabon gado. A da gida kai ɗaya gare shi. Maigida ya ce gobe za a kwaɓa ƙasa, ƙannensa da 'ya'yansa da barorinsa su fito, maƙwabta su kawo gayya, mata su yi daɓe da waƙa. Yau maigida ya rasu, an raba bisa shari'a, gida ya tashi kashi goma sha, wasu magadan suna Legas, wasu suna gidan miji. Kowa ya ja katangar bulo a kan rabonsa, ya fasa ƙofarsa ta lungu. Ɗakuna na rabuwa, amma zaure da rijiya da hanyar shiga ba sa rabuwa, sai a ce a bar su na kowa da kowa. Rufin da ke na kowa kuwa ba mai hawansa. Ba a jimawa sai wani ya kawo shawarar a fasa bangon titi a yi shago biyu, kowa ya amince da sauri. Ba ƙin zauren suke yi ba. Kuɗin haya na rabuwa gida goma sha, zaure ba ya rabuwa, iyakar dalilin ke nan.

Tunda a wajen rabo ciwon yake, a nan ya kamata a sa magani. Kafin a buga turakun iyaka, a zagaya gidan da magini, ba da birkila kaɗai ba, don birkila abin da ya iya zai faɗa. Duk sashen da aka sami mai kwana a ciki da mai biyan yaɓensa, mutum da sunansa, ba "mu duka" ba, a riƙe shi da ƙasarsa, a ɓamɓare masa fulastar da ke shaƙe shi, a gyara masa hanyar ruwa. Wanda aka rasa mai riƙonsa, a ɗauki hotonsa ciki da waje, a sauke shi da hannu cikin rani tun azararsa na da amfani, kada a jira Agusta ta sauke shi da yara a ƙarƙashi. Shagon ma ba haram ba ne. A fitar da guda ɗaya daga katanga, can gefe, a ware hayarsa ga zaure da rijiya kaɗai yadda ake ware waƙafi, a rubuta haka a takardar rabo gaban mai unguwa da liman, tare da sunan wanda zai kira magini kowace shekara kafin ruwan Mayu ya sauka, da sunan wanda zai karɓe shi in ya gaza.